Kafin ka sayi sabuwar sifika: abin da ke sa sauti ya yi ƙasa a bayan mota

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Kete Krachi zuwa Salaga ko Dambai ya san wannan rigimar. Direba ya kunna tafsiri ko labarai, na gaba suna ji tar, na kujerar baya kuwa sai gunaguni kawai ke isa kunnensu. In suka ce a ƙara murya, ya ƙara, sai na gaba su fara toshe kunne.

Abin kamar wasa, amma akwai asara a ciki. Direban da ya ƙure murya ba zai ji hon ɗin babur da ke bayansa ba, ga sifikun gaba da za su fashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babba na jure ƙara mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako, kuma direban da ke wuni a hanya zai iya wuce wannan ba tare da ya sani ba.

Sai kuma maganar kuɗi. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cinye tsohon garin Krachi, ya kuma kusan kewaye sabon. Kayan mota na kirki sai an aika Suame Magazine a Kumasi, ko Abossey Okai a Accra, ko Tamale, wani lokaci har da jiran jirgin fito. Mutum ya sha wannan wahalar, a ɗaura sabuwar sifika, a kunna, sauti yana nan yadda yake. Dalili kuwa, sau da yawa ba sifikar ce ta lalace ba. Don haka a fara bincike daga abin da ba ya cin ko sidi ɗaya.

Fara daga jikin rediyon

A cikin saitin sauti akwai abubuwa biyu da ake yawan rikitawa. Wanda aka rubuta BAL shi ke raba sauti tsakanin hagu da dama, FAD kuma tsakanin gaba da baya. Yaro ko yaron mota na iya taɓa shi ya tura sautin gaba. Mayar da shi tsakiya, sannan ka tura shi baya gaba ɗaya ka saurara. In sauti ya fito da ƙarfi kuma garau, sifikun lafiyarsu ƙalau. Ka sani kuma kamfanoni da dama da gangan suke rage ƙarfin na baya, don direba ya ji sautin na fitowa daga gabansa. Maganin wannan shi ne ka ɗan karkata FAD baya, shi ke nan.

Gwada kuma da tashar FM, kada ka tsaya ga wayar hannu kaɗai. Rediyoyi da yawa, in aka haɗa su da Bluetooth, suna fitar da kiran waya ta sifikun gaba kawai.

Bi waya, kada ka yi zato

In saiti daidai yake, sai a koma kan wayarin. A rediyoyin da ake saye a kasuwa launukan sanannu ne: fara ta gaba hagu, ruwan toka ta gaba dama, koriya ta baya hagu, shunayya ta baya dama. Kowacce tana da 'yar'uwa mai ratsin baƙi, ita ce ta ragi. Kashe mota, zaro rediyon, ka musanya wayoyin gaba da na baya. In sifikun baya suka tashi da ƙarfi, na gaba suka yi ƙasa, to laifin na rediyon ne. In na baya sun ci gaba da raɗa, matsalar tana kan hanyar waya ko a sifikar kanta.

Wurin da waya ta fi karyewa shi ne cikin robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, saboda buɗewa da rufewa kullum. Wani lokaci zare biyu ko uku ne suka rage a ciki, sai sauti ya riƙa zuwa yana ɗaukewa duk lokacin da aka faɗa rami. Hanyoyinmu na Kpandai, Bimbilla da Yendi ba sa raga wa haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif. A Krachi danshin tafki ke sa mahaɗa ta yi tsatsa, a Bawku kuwa ƙurar hunturu da zafin rana ne ke busar da robar bakin sifika har ta tsage.

Akwai kuskure biyu da wasu masu wayarin ke yi. Na farko, ɗaure wayar ragi ta sifika a jikin ƙarfen mota, kamar yadda ake yi wa fitila. Rediyon zamani ba ya son haka, yana iya ƙona masa ƙwaƙwalwar sauti. Na biyu, juya wayoyin sifika guda, ta ƙari a wurin ta ragi. Sai ɗaya tana turo iska, ɗayar tana ja, sauti mai kauri ya ɓace. Gane shi ba wuya: tura BAL gefe ɗaya, in kaurin ya fi fitowa da sifika ɗaya fiye da biyu, to an juya waya.

Gwajin sifikar kanta

Cire wayoyinta daga rediyo, ka taɓa su da ƙaramin batir mai volt 1.5, irin na tocila, taɓawa ɗaya ka ɗauke. Lafiyayya za ta yi ɗan "ɓas", fatarta ta motsa. Kada a yi wa ƙananan sifiku masu siririyar murya wannan gwajin. In akwai mita, sifika mai om 4 takan nuna tsakanin 3 da 4. In mita ba ta nuna komai ba, wayar cikinta ta yanke. Danna fatar a hankali da yatsu, in ka ji tana gurza kamar da yashi a ciki, ta ƙone, nan ne saye ya zama dole.

Masu bas su lura

Yawancin bas ɗin Sprinter da ke ɗaukar fasinja a Ghana motocin kaya ne da aka sa wa kujeru, sifikun baya daga baya aka ƙara su. In aka jera biyu masu om 4 ɗaya bayan ɗaya, sun zama om 8, sauti ya ragu. In aka haɗa su kai da kai, sun zama om 2, rediyo ya yi zafi ya fara shaƙewa. Kuma "50W x 4" da ake rubutawa a kwali talla ce, ainihin ƙarfin kowane layi bai cika wuce wat 20 ba. Wanda ke son sauti ya kai kujerar ƙarshe a doguwar mota, ƙaramar amfilifaya da waya mai kauri yake buƙata.

Wasu motocin da ake shigowa da su daga Amurka kuma da amfilifayarsu suke zuwa, irin su JBL a Toyota ko Bose a Nissan, a ɓoye ƙarƙashin kujera ko cikin but. In an canza rediyo zuwa mai allon Android, dole a haɗa shuɗiyar waya mai ratsin fari, ita ce ke tada amfilifayar. A duba fiyus ɗinta, a kuma duba ko an rage ƙarfin layin baya a jikinta.

In za ka kai mota wurin mai gyara, ka roƙe shi ya yi waɗannan gwaje-gwajen a gabanka kafin ya ce a sayo komai. Mai gyara na gari ba zai ji haushi ba, aikin bai kai awa ɗaya ba. In kuma saye ya kama, ɗauki tsohuwar sifikar ko hoton bayanta ka aika da shi, don a kawo maka mai girma da om iri ɗaya.