Bayan Ruwa Ya Janye a Maiduguri

Yau shirinmu na musamman ya nufi jihar Borno.

Daren 9 ga Satumbar 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Kogin Ngadda ya tumbatsa, ruwa ya afka wa Maiduguri da Jere mutane na barci. Ya ci unguwar Gwange, ya shiga fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya rusa katangar gidan yari har fursunoni sama da 200 suka tsere. Rabon garin da ambaliya irin wannan tun 1994, a lokacin ma daga Alau ta taso.

Sojoji da matasan gari sun yi ta kwashe mutane a kwale-kwale da manyan motoci, Allah ya saka musu. Amma aiki mai cin rai sai da ruwa ya janye ya soma, domin masu hannu a ciki suna da yawa. Madatsar ta gwamnatin tarayya ce, a hannun Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi. Ga hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA daga Abuja, ga takwararta SEMA ta jiha, ga Hukumar Raya Arewa maso Gabas, ga ƙungiyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya, ga attajirai da gudummawarsu. Kowa da shugabansa, kowa da kasafinsa, kowa na iya zuwa da tasa takardar sunaye. In ba a haɗa su wuri guda kullum ana tantance wa ya kai me, ina ya kai ba, unguwar bakin titi sai ta sami shinkafa sau biyu, ta cikin lungu ko tabarma ba ta gani ba.

A ganina, rajistar sunayen waɗanda abin ya shafa ita ce ƙashin bayan aikin. Gida ya rushe, wa za a rubuta, mai gida ko ɗan haya? Wanda ruwa ya tafi da katin shaidarsa fa? Nan ne ake buƙatar Bulama da Lawan, don su suka san wa ke kwana a wane ɗaki. Ku tuna kuma, da yawa daga cikin mutanen nan rikicin Boko Haram ya riga ya raba su da garuruwansu. Sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe a 2021, dole aka sake buɗe shi.

Jinkiri kuwa yana kisa. Rijiyoyi sun gurɓata, masai sun cika sun malala, kuma a watan Oktoba gwamnatin Gwamna Babagana Zulum ta sanar da ɓarkewar kwalara.

A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don gyaran Alau. Abin da mutanen Gwange ke da haƙƙin sani shi ne: idan damina ta yi nisa, wane ofishi ne ke auna ruwan madatsar, kuma wa zai kira Bulama ya tashi jama'arsa tun da rana?