Filin Kurket na Malbon: Gona Ɗaya, Noma Biyu

A kudu maso gabashin Ostaraliya akwai birnin Malbon, kuma a tsakiyarsa, kusa da kogin Yara, akwai filin wasa mai ɗaukar mutum kamar 100,000. Sunansa Filin Kurket na Malbon.

Kurket wasa ne na Ingilishi. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 11. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya buge ta da faffaɗan katako, sannan ya sheƙa da gudu domin tara maki. Wasa guda yakan kai kwana 5.

Tun kafin zuwan Turawa, wannan wuri ƙasar ƙabilar Wurunjeri ce. A shekarar 1838 baƙin da suka zo daga Ingila suka kafa ƙungiyar kurket. A 1853 aka tashe ta daga inda take wasa, domin hanyar jirgin ƙasa za ta ratsa ta wurin. Gwamna La Trobe ya ba ta sabon fili, wanda take kai har yau.

A watan Maris na 1877 aka yi karawar farko ta ƙasa da ƙasa a nan, tsakanin Ostaraliya da Ingila. Ostaraliya ta ci da ratar maki 45. Abin mamaki, da aka sake karawa a 1977 domin bikin cika shekara 100, Ostaraliya ta kuma ci da ratar 45 daidai.

Filin ya ga abubuwan da ba kurket ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka dakatar da wasa, ya zama barikin sojojin Amurka da na Ostaraliya. A 1956 nan aka buɗe wasannin Olimfik, karo na farko a kudancin duniya. A 1970 mutum 121,696 suka kalli wasan ƙarshe na ƙwallon Ostaraliya, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa. A 1992 Pakistan ta doke Ingila ta ɗauki kofin duniya na kurket. Kyaftin ɗinta Imran Khan ya zama firaminista a 2018.

To, yaya fili ɗaya zai ishi wasa biyu? Nan ne wuyar aikin. Kurket na bukatar tsiri mai tauri, tsawon mita 20, a tsakiyar fili. Ƴan ƙwallo kuwa suna wasa cikin hunturu da ruwan sama, suna tattake shi ya koma taɓo. An daɗe ana fama, har aka sami dabara: ana renon ciyawar tsirin cikin manyan farantan ƙarfe a waje, a ɗauko su da inji a dasa idan lokacin kurket ya zo, a kwashe idan ya wuce.

Saboda haka filin ba ya zama kango. Ranar 26 ga Disamba, lokacin zafinsu, dubban mutane ke cika shi domin kurket. Cikin hunturu kuma ƴan ƙwallo su karɓa. Kuɗin shiga na waɗannan lokuta biyu na cikin abin da ke riƙe da shi fiye da shekara 170.