Daga Harba-ka-ruga Zuwa Feshin Barkono

Da zarar an kai amfanin gona gida, rani ya kankama a ƙasar Kudan, sai a fara jin kiɗan farauta da haushin karnuka a bayan gari. Matasa na riƙe da gora da barandami, a tsakiyarsu kuma ga dattijo da doguwar bindigar toka a kafaɗa. Sunanta ma ya faɗi halinta: harba-ka-ruga. Ta baki ake ɗura mata albarushi da dalma, harbinta ɗaya ne tak. In ya samu, madalla. In ya kuskure, sai ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Yau abin da ake kamawa tsakanin Hunkuyi da Makarfi da Ikara bai wuce zomo da gafiya da gyazbin da ke ɓarna a gonakin rake ba, domin noma ya cinye daji. Amma tambayar da ke zuciyar duk maharbin da ya taɓa yin ido huɗu da kura ko mugun dawa tana nan: wane harsashi ne zai tsayar da dabbar da ta taso wa mutum?

Wannan tambaya ce ake tafka muhawara a kanta a jihar Alaska ta Amurka, inda dabbar da ake tsoro ita ce beyar. Babu ita a dajin Afirka a yau. Ƙatuwa ce mai kaurin gashi da manyan farata, namijinta kan haura kilo 500, kuma tana gudun da ya zarce kilomita 50 a awa guda. Wanda ta fito masa daga cikin duhuwa, daƙiƙa biyu ko uku kawai yake da su. Shi ya sa masunta da masu yawon daji a can suke rataya ƙaramar bindiga a ƙirji.

Girman harsashi ana auna shi ne da faɗinsa. Masu son babba suna yabon .44 Magnum, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1950, faɗinsa kusan milimita 11, ko ma .500 na kamfanin Smith & Wesson da ya fito a 2003. Hujjarsu ita ce dole harsashi ya ratsa gashi da kitse da ƙashi kafin ya kai makasa. Gaskiya ne, amma da tsada. Irin wannan bindiga tana da mugun shuri, takan ɗaga hannun mai harbi sama, kafin ya sake saiti dabbar ta iso. Don haka wasu suka koma ga harsashi mai milimita 10, wanda ya fi sauƙin sarrafawa. Shi ne sojojin Denmak masu sintiri da karnuka a kan ƙanƙarar Girinlan suke riƙewa a bindigar Glock 20 saboda farar beyar. Wani abin sha'awa, ita ma bindigar tokar tamu da sunan mutanen Denmak Turawa suke kiranta, domin fatakensu ne suka riƙa sayar da irinta a gaɓar Gana.

Tsofaffin maharba sun san wannan lissafi na ƙarfi da shuri tun ba yau ba. Wanda ya cika wa bindigar toka albarushi don neman ƙarfi, ko ta tokare masa kafaɗa ya yi kuskure, ko ta fashe ta tafi da yatsunsa.

Masana biyu, Tom Smith da Stephen Herrero, sun bi diddigin abin da ya faru a Alaska. A binciken da suka fitar da abokan aikinsu a 2012, sun duba karo 269 da aka yi artabu da beyar ana riƙe da bindiga. Ƙananan bindigogi sun yi nasara a kashi 84 cikin ɗari, dogaye kuwa kashi 76. Cikin dalilan gazawa akwai rashin lokacin ɗaga bindigar, da cijewarta, da kuskuren saiti, da tuntuɓe. Waɗannan kuwa girman harsashi ba ya maganinsu.

A Najeriya doka ta riga ta yanke zancen ƙaramar bindiga. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta ta zamani tana buƙatar iznin Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kuma bindigar toka iznin kwamishinan 'yan sandan jiha. Ya kamata kowane Sarkin Baka ya riƙa tunatar da yaransa wannan, musamman a zamanin da ganin mutum da bindiga a hanya kan jawo masa zargi.

In muka koma Alaska, binciken da ya fi ba da mamaki shi ne na 2008, wanda Smith da Herrero suka yi a kan feshin korar beyar. Wannan feshi ya dakatar da jar beyar a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka fesa shi, kuma kashi 98 na mutanen da ke ɗauke da shi sun tsira ba rauni. Ba ya buƙatar ƙwarewar saiti, domin yana bazuwa ne kamar hayaƙi, ya cika wa dabbar ido da hanci. Sinadarin da ke cikinsa daga barkono ake tatso shi, wato yajin nan da ke sa masu ɗura buhuna atishawa a kasuwar Hunkuyi.