Darasin Maginan Cikal ga Manyan Kamfanonin Gini

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin wani babban gini ya san yadda dukiya take salwanta ba tare da ɓarawo ya shigo ba. Leburori na zaune a inuwa suna jiran motar yashi. An kwaɓa siminti fiye da kima, ya bushe kafin a kai shi bango. An ta da bango ya karkace, gobe a rushe shi a sake. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma kafin ya iso Filinge ya sha hanya, domin daga Yamai kaɗai, ta Baleyara, wajen kilomita 180 ne. Kowane buhu da ya lalace asarar ƙasa ce, tun da yawancin manyan ayyuka, hanya ko makaranta ko gidan likita, da kuɗin jama'a ko da bashi ake yin su.

Masana sun daɗe suna neman maganin wannan ɓarna. Bayan yaƙin duniya na biyu, wani injiniyan kamfanin Toyota na Japan, Taiichi Ohno, ya lissafa ɓarna iri 7 a masana'anta. Daga ciki akwai jira, da tara kaya fiye da bukata, da jigila marar amfani, da aikin da sai an sake shi. A 1992 Lauri Koskela, mutumin ƙasar Finlan, ya nuna cewa aikin gini ma yana fama da waɗannan cututtuka. Daga nan Glenn Ballard da Greg Howell na Amurka suka tsara wata hanya: kowane mako shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata su zauna, kowa ya faɗi abin da zai iya gamawa, kuma ba a fara aiki sai kayansa sun iso. Ƙarshen mako a ƙidaya alkawuran da aka cika, wanda bai cika ba a binciki dalili.

To amma wannan tsari ba ya tafiya sai da ma'aikaci mai horo. A nan ne ƙasar Kurfai take da misali nata na gida.

Bayan farin 1973 da 1974, itacen rufin ɗaki ya yi wuya ƙwarai. A 1980, a garin Cikal kusa da Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta gina gidan yaƙi da jahilci da tubalin ƙasa zalla, har rufinsa, bisa dabarar bakan gizo da kubba wadda ta samo asali daga Nubawan Masar. Babu azara, babu katakon tokare rufi. Sai dai aikin ba ya karɓar ganganci. Tilas tubala su zama girma ɗaya. A wajen kubba, akan kafa ma'auni a tsakiyar ɗaki, shi ke nuna wa kowane tubali mazauninsa. A wajen bakan gizo, kowane jere yana jingine da wanda ya gabace shi, saboda haka in ɗaya ya kauce, na bayansa duk za su bi shi. Magina sun koyi aikin da hannunsu a kan gini na gaskiya, waɗanda suka ƙware kuma suka koya wa wasu. Ta haka dabarar ta kai Iferwan cikin Abzin, ta ƙetare zuwa Mali da Burkina Faso da Muritaniya.

Abu uku manyan kamfanoni za su ɗauka daga nan. Na farko, a horar da ma'aikaci a wurin aikin, ƙarƙashin wanda ya riga shi iyawa. Na biyu, a koya masa awo, domin wanda ya san ma'auni ba ya kwaɓa abin da zai zubar. Na uku, a ba shi izinin magana in ya ga kuskure tun yana ƙarami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƴan'uwa da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, wannan zance ya shafe ku. Mai iya karanta tsarin mako, ya rubuta buhu nawa suka shigo, nawa suka fita, shi ne kamfani zai ɗora a kan ƙungiya, ya tashi daga lebura ya zama shugaban aiki. Su kuma mahukunta, ga asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a, ya kamata a yi aiki da shi. Ya dace kuma duk kwangilar da za a ba babban kamfani a jahar Tilaberi a rubuta a cikinta yawan samarin wurin da zai horar, a kuma ƙidaya su ranar karɓar aikin.