Ka Ajiye Bakof, Amma Ka Taɓa Gwada Dawo Da Shi?

Saura kwana tara in kare furojet ɗina, laftof ɗina ta mutu. Furojet ɗin rumbun bayanai ne na wata ƙungiyar manoma a garinmu Fakku, ƙaramar hukumar Kebbe: sunan kowane manomi, buhun taki nawa ya karɓa bashi, nawa ya biya da kaka. Wata biyu na yi ina kwashe su daga littafin kawuna, wanda shi ne ma'ajinsu. Hankalina bai tashi ba, tunda ina da bakof a filash. Na ari kwamfutar abokina, na ɗora fayil ɗin a phpMyAdmin, sai jan rubutu ya cika fuskar. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Ga abin da na koya, ko zai amfani wani.

Da farko, kwafe fayil ɗin, ka yi duk gwaje-gwajenka a kan kwafin. Idan ka ɓata na asali garin gyara, shi ke nan.

Na biyu, ka tabbatar fayil ɗin ya cika. Fayil mai .sql rubutu ne kawai, don haka buɗe shi da Notepad ka gangara ƙasa. Wanda aka fitar da mysqldump yakan rufe da layin da ke nuna rana da lokacin da aka kammala. In ka ga ya yanke a tsakiyar layi, wataƙila an zare filash ne ko wuta ta ɗauke ana cikin kwafa. Abin da ke sama da yankewar kaɗai za ka iya cetowa.

Na uku, karanta lambar kuskuren kafin ka sake danna komai. In 1046 ce, ba ka zaɓi rumbun da za a zuba bayanan ba: ƙirƙiri sabo, ka shiga cikinsa, sannan ka ɗora. In an ce fayil ya yi girma, buɗe php.ini ka ƙara adadin upload_max_filesize da post_max_size, ka kashe Apache ka kunna. Tawa 1273 ce. Laftof ɗina MySQL 8.0 ke kanta, abokina kuwa XAMPP yake amfani da shi, wanda MariaDB ke cikinsa, kuma nasa bai san tsarin jera haruffa na utf8mb4_0900_ai_ci ba. Na maye gurbinsa da utf8mb4_general_ci a duk inda ya fito, fayil ya shige.

Na huɗu, ganin koren rubutu ba shi ne an gama ba. Ƙirga layukan kowane tebur, sannan ka duba sunaye. In Ɗanladi ya koma ?anladi, tebur ɗin na kan latin1 ne, wanda ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Sake ƙirƙirarsa da utf8mb4 ka ɗora daga farko.

Kada ka ɗauka mu ɗalibai kaɗai abin ke samu. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kusan gigabait 300 na bayanai bisa kuskure. Da suka koma kan bakof, sai suka tarar ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta daɗe ba ta aiki, saboda manhajar ɗaukar bakof ta PostgreSQL 9.2 ce, rumbun kuwa 9.6 ne. Sun yi asarar bayanan kusan awa shida.

To, 'yan ajin ƙarshe, kada ku jira ranar da ta same ni. Yau ɗin nan ɗauki bakof ɗinka, ka je kwamfutar wani ka gwada dawo da shi. In ya shiga, ajiye kwafi a filash da Google Drive, ka sa kwanan wata da lambar manhajar a sunan fayil ɗin. Ni dai na kare furojet lafiya, kawu kuma har yanzu bai yar da littafinsa ba, kuma ban ga laifinsa ba.