Mai Kaza a Aljihu: Attajiran Amurka Masu Ra'ayin Riƙau da Fargabar Gobe

A watan Agustan 1971, wani lauyan manyan kamfanoni mai suna Lewis Powell ya aika wa Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Amurka takardar sirri. Kukansa shi ne jami'o'i da 'yan jarida da 'yan siyasa sun taso tsarin jari-hujja a gaba, su kuwa masu dukiya sun naɗe hannu suna kallo. Ya ce su farka tun kafin wankin hula ya kai su dare. Bayan wata biyu, Shugaba Nixon ya zaɓe shi alƙalin Kotun Ƙoli.

Me zai hana wanda ya mallaki biliyoyi barci? Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ƙarin haraji, ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago da dokokin kare muhalli, duk attajiri mai ra'ayin riƙau yana ganinsu a matsayin hannun gwamnati cikin aljihunsa. Wasunsu kuma sun yi imani cewa addini da tarbiyyar iyali ne ke zubewa. Shi ya sa kowane zaɓe yake zame musu kamar na a mutu ko a yi rai.

Sai dai gaggawar tasu ba ta gajeren zango ba ce. A 1973 Joseph Coors, mai kamfanin giya, ya ba da dala 250,000 aka kafa cibiyar Heritage. Da Reagan ya hau mulki a 1981, cibiyar ta miƙa masa kundin shawarwari mai shafi sama da dubu. Attajiri Charles Koch ya taimaka aka kafa cibiyar Cato a 1977. A 1982 ɗaliban lauya suka kafa ƙungiyar Federalist, wadda daga cikinta aka riƙa tsamo alƙalai, har Kotun Ƙoli ta soke 'yancin zubar da ciki na ƙasa baki ɗaya a 2022.

Masu suka na cewa kuɗi ya danne muryar talaka, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Citizens United na 2010 da ya sakar wa kamfanoni mara su kashe ko nawa ne a kan zaɓe. Magoya baya kuwa cewa suke 'yancin faɗin albarkacin baki ne, ai ɗaya ɓangaren ma yana da attajirai irin su George Soros.

Ko wanne ka gaskata, ka lura da abu guda: talaka yakan tuna da siyasa ranar jefa ƙuri'a, su kuwa waɗannan sun shekara hamsin suna dafa dutse, yanzu suke shan romonsa.