Shin Ko Kun San? Fiziks da Kasuwanci a Digiri Ɗaya

• Shin ko kun san akwai jami'o'in da ke haɗa wa ɗalibi Fiziks da ilimin kasuwanci a digiri guda? Jami'ar Warwick da ke Ingila na cikinsu: ɗalibi ya fara da ɗakin gwaji, ya ƙare da darussan tallace-tallace da sarrafa kuɗi.

• A Zariya ma fannonin biyu tsofaffin 'yan gari ne, sai dai ba a unguwa ɗaya suka tashi ba. Harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, da ke maƙwabtaka da Tudun Wada, ta girmi jami'ar kanta. A 1947 aka buɗe ta don horar da akawuna, ita kuwa jami'ar sai a 1962. Shekaru da dama a Kongo aka yi ta yaye akantoci da manajoji, su kuma 'yan Fiziks suna can harabar Samaru.

• Shin ko kun san na'urar nukiliya ta farko a Najeriya a Zariya take? Sunanta NIRR-1, ƙirar Sin ce, tana cibiyar binciken makamashi ta jami'ar, kuma ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta kilowat 30 da 'yan kai ne kacal, don haka ba ta ba gari wuta. Aikinta tantance abin da ke cikin dutse, ƙasa ko abinci. Mai haƙar ma'adinai da ya san abin da ke cikin dutsensa, dillali ba ya yi masa wayo.

• Isaac Newton, uban dokokin motsi, shi ya shugabanci gidan buga kuɗin Ingila daga 1699, har yana farautar masu jabun kuɗi. Duk da haka ya tafka asara a hannun jarin kamfanin South Sea a 1720. Gwani ma kan sha ƙasa a kasuwa.

• Tun 1900 Louis Bachelier, a Faransa, ya yi lissafin yadda farashin hannun jari ke hawa da sauka ba tsari. Sai a 1905 Einstein ya yi irin wannan lissafi kan ƙwayoyin da ke yawo cikin ruwa.

• Jan Tinbergen, ɗan ƙasar Holan, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka fara karɓar kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1969, digirinsa na uku a Fiziks ya yi shi.

• Elon Musk, mai Tesla da SpaceX, digiri biyu ya ɗauko a Jami'ar Pennsylvania: Fiziks da tattalin arziki.

• Ku leƙa shagon mai sayar da sola a Tudun Wada. Mai ƙanƙara ya zo yana cewa, "Alhaji, faranti nawa zai ɗauki firjina?" Nan take sai a jawo biro da bayan kwali. Firji mai cin wat 100, in ya yi awa 10 yana aiki, ya sha yunit ɗaya na wuta. Daga nan ake fitar da girman batir da yawan faranti, sannan a auna wata nawa cinikin ƙanƙara zai mayar da uwar kuɗi. Rabin farko Fiziks ne, na biyu kasuwanci. In aka kuskure na farko batir ya mutu da wuri, in aka kuskure na biyu jari ya karye.

Ɗalibin Fiziks da ke tunanin bayan bautar ƙasa sai koyarwa kawai, ya koyi riƙe littafin ciniki da fitar da farashi tun yana makaranta.